Daga Fadamar Haɗeja Zuwa Matsirgar Gurara

Ƙasar Birniwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Mutum ya iya tashi daga iyakar Nguru ya yi ta tafiya har Malam Madori bai yi tuntuɓe da dutse ba. Abin da muke kira tudu a nan jigawa ce kawai, watau tarin rairayi wanda iska ta koro ta tara tun zamanin da. Daga nan ne kuwa jiharmu ta sami sunanta sa'ad da aka yanke ta daga Kano a 1991. Ruwan ƙasarmu ma a kwance yake. Kogin Haɗeja ba ya gudu, ba ya ƙara. Idan damina ta yi nisa sai ya cika a hankali, ya haye gaɓa, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri da Baturiya har ya kai Nguru. Manomi yakan kafa kara a bakin gonarsa da yamma, da safe ya duba ya tarar ruwa ya hau yatsa biyu. Haka 'ya'yanmu suka san ruwa.

Saboda haka in malami ya gaya wa yaran Birniwa cewa akwai inda kogi ɗungum yake faɗowa daga kan dutse, sai su dube shi kamar mai tatsuniya. Sun ga hoton babbar matsirgar Kogin Zambezi a littafin labarin ƙasa, amma Zambiya da nisa, kuɗin jirgin sama kuwa ba na talaka ba ne. To, a nan Arewa muna da tamu, wadda sunanta ya kai ko'ina cikin Nijeriya, ita ce matsirgar Gurara a Jihar Neja. Tun da yake gani ya kori ji, sai mu iyali huɗu muka yi karo-karo, muka ɗauki shatar mota a hutun makaranta na watan Agusta. Mu goma sha takwas ne, babba da yaro. Babbanmu wani dattijo ne masunci, wanda ya shekara fiye da arba'in yana su a ruwan Marma, kowa kuwa Baba yake ce masa.

Hanya ma makaranta ce

Tafiyar ta kai wajen kilomita 600, kwana biyu ke nan ga mai tafe da yara. Muka yi sammako muka bi ta Malam Madori da Haɗeja da Gujungu, muka isa Kano da hantsi. Da muka fita Kano ta hanyar Zariya, sai muka haye gadar Tamburawa. Kogin da yake ƙarƙashinta shi ne Challawa. Ya kamata kowane mutumin Haɗeja ya san wannan kogi, gama shi ne yake haɗuwa da Kogin Kano kafin Wudil, su biyun nan su zama Kogin Haɗeja.

Gaba kaɗan, a wajen Kura da Kadawa, muka ga manyan magudanai da aka gina, miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, ga gonakin shinkafa kore shar dama da hagun har iyakar ganin ido. Ruwan nan daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da rani kuma nan ne ake noman tumatir ɗin da manyan motoci suke lodi a Kwanar Gafan su kai Legas. Baba ya roƙi direba ya tsaya. Ya sauka ya tsuguna a bakin magudana, ya ɗebi ruwan da tafin hannu, ya duba shi, sa'an nan ya ce, "Yara, ku zo ku gaida ruwan gidanku. Nan yake ya da zango kafin ya iso mana." Yara suka yi dariya, amma maganar Baba gaskiya ce, za mu kuwa komo kanta.

Tsakanin Kano da Zariya akwai wani abu da ido ba ya gani, amma yana da girma. A nan ne ƙasa ta yi doro. Ruwan saman da ya sauka a gefen Kano yakan nufi gabas, ya bi ta Wudil da Haɗeja, ya sadu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Ba ya ganin teku har abada. Wanda ya sauka a gefen Zariya kuwa yakan shiga Kubanni da Galma, ya faɗa Kogin Kaduna, daga nan sai Kwara, daga Kwara sai teku. Hadari ɗaya ya iya zubar da ruwa a gonaki biyu maƙwabta, na wannan ya tafi Chadi, na waccan ya tafi Tekun Atlantika.

Muka kwana a Kaduna. Kashegari muka jira gari ya waye sosai kafin mu kama hanyar Abuja, domin hanyar ta yi ƙaurin suna a shekarun baya, mai iyali kuwa ba ya tafiyar dare a kanta. Daga Kateri zuwa Jere zuwa Tafa ƙasa ta yi ta sakewa. Itatuwa suka ƙaru, ga kunyoyin doya manya manya, ga duwatsu baƙaƙe suna leƙowa daga cikin daji. Wata yarinya 'yar shekara bakwai ta tambayi uwarta, "Inna, wa ya tara waɗannan duwatsu haka?" Ba ta taɓa ganin dutsen da ya fi na niƙa girma ba. A mararrabar Dikko muka karkata muka bi hanyar Minna. A wajen Lambata, kusa da ƙauyen Bonu, akwai wata 'yar hanya da ta ratse cikin daji, ita ce take kai mutum bakin ruwan.

Kunne ya riga ido

Tun mota ba ta tsaya ba muka fara jin wani rugugi, kamar na hadarin da yake tasowa daga gabas, sai dai shi wannan ba ya yankewa. Muka sauka, muka biya kuɗin shiga, wani saurayi ɗan wurin ya shige mana gaba. Mutanen wannan ƙasa Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa, Hausa kuwa a bakinsu take. Muka bi shi cikin inuwar itatuwa, rugugin yana ta ƙaruwa, har muka fito wani fili a kan tudu. Sai ga ta.

Ana ƙiyasta tsayin matsirgar da mita 30, watau kamar a ɗora dogayen giginya biyu, wata bisa wata. Faɗinta kuwa idan ruwa ya cika ya kai wajen mita 200. Ba a miƙe take zuba kamar ruwan indararo ba. Dutsen hawa hawa ne, ruwan yakan doki wannan ya yi tsalle ya doki wancan, ya tarwatse, ya sāke haɗuwa. A sama launinsa ja ne kamar kunun kanwa, saboda ƙasar gonaki da ya kwaso. Kafin ya kai ƙasa ya zama fari fat, kumfa zalla. Daga gindin sai wani feshi yake tashi kamar hayaƙi, iska tana kaɗo shi, cikin ɗan lokaci rigunanmu suka yi laima ko da yake ba a ruwan sama. Da rana ta leƙo sai ga bakan gizo a ƙasa, cikin feshin, ƙasa da inda muke tsaye. Yaran da suka saba ɗaga kai su ga bakan gizo, ran nan sunkuyawa suka yi.

Ba a hira a wurin sai da ihu. Mai magana yakan kai bakinsa kunnen ɗan'uwansa. In ka dafa dutsen da kake tsaye a kai za ka ji yana rawa kaɗan kaɗan. Ƙananan yara suka ƙanƙame zannuwan iyayensu mata, waɗanda suka ɗan tasa kuwa sai da aka yi ta tsawata musu kada su matsa gaba. Baba ya daɗe yana kallo bai ce kome ba. Can sai ya jawo saurayin nan ya tambaye shi, "Ɗana, kifi yana iya hawa nan?" Saurayin ya ce, "A'a, Baba. Na ƙasa yana ƙasa, na sama yana sama, sai wanda ruwa ya jefo." Baba ya kaɗa kai ya ce, "Lalle wannan ba ruwan kwalekwale ba ne."

Saurayin ya ce mana Gurara fuska biyu gare ta. Abin da muka gani fuskar damina ce. Daga Janairu zuwa Maris ruwan yakan ja baya ya yi garau, ya rarrabu ya zama 'yan igiyoyi farare suna gangarowa ta tsakanin duwatsu, rairayi ya fito a gindi, baƙi su shimfiɗa tabarmi su ci abinci a inda yanzu ko giwa ba ta iya tsayawa. Ya kuma ba mu labarin da ake bayarwa a wurin, cewa wani maharbi Bagwari mai suna Buba ne ya fara gano ta wajen 1745, kuma wai sunan ya fito ne daga Gura da Rara, abubuwan da mutanen da suke yi wa tsafi a bakin ruwan. Labarin baka ne, haka muka karɓe shi, haka kuma muke ba ku.

Kogin Gurara daga tuddan kudancin Jihar Kaduna yake tasowa. In ya wuce matsirgar sai ya ci gaba kudu, ya bi gefen ƙasar Abuja ta yamma, ya faɗa Kwara arewa da Lokoja.

Me ya sa babu irinta a Haɗeja?

Da muka koma inuwa muka buɗe ƙunshin abinci, wannan ce tambayar da yara suka fara yi. Amsar tana ƙarƙashin ƙafa. Matsirga takan samu ne inda kogi yake gudu a kan dutse mai tauri, sa'an nan ƙasa ta yi gangare farat ɗaya. Ruwa yakan cinye wuri mai taushi da sauri, mai taurin kuwa ya tsaya ya zama kamar dakali, ruwan ya riƙa faɗowa daga kansa. Ƙasar Gurara irin wannan dutse ce. Kogin namu ma a kan dutse yake gudu can wajen mafarinsa, a tuddan kudancin Kano. Amma daga wajen Wudil zuwa gabas sai dutsen ya nutse can ƙasa, rairayi da yumɓu na kwarin Chadi suka rufe shi. Gangaren ya zama kaɗan ƙwarai, har ruwa ya rasa inda zai yi sauri, sai ya rarrabu tsakanin jigayi. Wato abin da ya hana mu matsirga shi ne ya ba mu fadama. Gurara tana da abin kallo, mu kuwa muna da shinkafa da alkama da tattasai, da tarwaɗa da karfasa, da ciyawar da Fulani suke kawo shanu su ci da rani, da tsuntsayen da suke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a Baturiya da Dagona.

Wani yaro ya ce, to, ita ta cikin littafi fa, ta fi wannan? Ta fi ta nesa ba kusa ba. Tana kan Kogin Zambezi, a kan iyakar Zambiya da Zimbabwe. Faɗinta mita 1,708 ne, tsayinta kuwa ya kai mita 108 a wuri mafi zurfi. Watau ta ninka Gurara fiye da sau uku a tsayi, sau takwas a faɗi. Mutanen ƙasar suna kiranta Mosi-oa-Tunya, ma'ana hayaƙi mai tsawa, domin idan kogin ya cika wajen watan Afrilu ana hango feshinta daga nisan kilomita da yawa. Dauda Livingstone, ɗan mishan kuma likita daga Sikotilan, ya isa wurin a watan Nuwamba na 1855, mutanen ƙasar ne kuwa suka kai shi cikin kwalekwale. Shi ne ya sa mata sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila. A 1905 aka gama gadar jirgin ƙasa da ta haye kwazazzabon da yake gabanta, a 1989 kuma aka sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Ita ma fuska biyu gare ta. Wajen Oktoba da Nuwamba gefen Zambiya yakan kusa bushewa, baƙon da ya je a lokacin ya tarar da bangon dutse tsirara.

Matsirga ma tana iya yin shiru

Wanda ya tsaya gaban ruwa mai ƙarfi haka zai ce ba mai iya taɓa shi. Amma ɗan Adam ya taɓa waɗanda suka fi shi. A Uganda, inda Kogin Nilu yake fita daga Tafkin Biktoriya kusa da garin Jinja, da akwai wata matsirga da ake kira Ripon. Da aka gama dam a ƙasa da ita a 1954, ruwa ya taru ya shanye ta, yau ba a ganinta. A Habasha akwai Tis Isat a kan Shuɗin Nilu, kusa da Bahir Dar. Tun farkon shekarun 2000, da aka karkatar da yawancin ruwanta zuwa injin lantarki, baƙi sukan je wani lokaci su tarar da ɗan abin da bai kai rabin na da ba. A nan gida ma, gangaren duwatsun Busa a kan Kwara, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya hallaka a 1806, yana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968, tare da tsohon garin Busa kansa. Dubban mutane aka tasa aka sāke musu mazauni.

Gurara ma an datse ta. A shekarun 2000 aka gina babban dam a samanta cikin Jihar Kaduna, aka shimfiɗa bututu mai tsawon wajen kilomita 75 yana kai ruwa dam ɗin Usuma domin mutanen Abuja su sha. Watau yawan ruwan da yake zubowa a matsirgar yanzu ba ga sama kaɗai yake ba, har da hannun wanda yake riƙe da ƙofar dam.

A nan ne maganar Baba ta Kadawa ta komo mana, gama abin da ya sami waɗannan wurare shi ne ya sami fadamarmu, sai dai namu ba ya ƙara, shi ya sa ba a ji ba. Bayan Tiga an gina dam ɗin Challawa a wajen Ƙaraye a 1992, an kuma yi madatsa a ƙasar Auyo domin noman rani. A shekarun 1960, a shekara mai ruwa, ambaliya takan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000 tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. A farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba. Fari na shekarun 1970 da 1980 yana da nasa laifi, amma dam ma yana da nasa.

Ba yawan ruwan kaɗai ya sāke ba, har da lokacinsa. A da kogin yakan cika da damina ya wanke hanyarsa, da rani kuma ya bushe ƙaf, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa. Yanzu ana sako ruwa kaɗan kaɗan duk shekara. Hanyoyin ruwa ba sa bushewa, laka tana kwanciya, sai kacala ta sami wurin zama. Kowa a ƙasar Haɗeja ya san wannan ciyawa. Ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyar kwalekwale, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan tsuntsun jan baki mai cinye shinkafa da gero. Inda ta toshe, ruwa yakan bar hanyarsa ya bi wata. Haka aka yi shekaru ruwa yana yi wa mutanen Marma da Nguru yawa, na Burum Gana kuwa suna neman na ban ruwa. In kuma aka yi damina mai ƙarfi, kamar ta 2020 da ta 2022, dam ya cika ya tumbatsa, ruwan ya zo ya tarar hanya a toshe, sai ya faɗa gonaki da gidaje.

Kada mai karatu ya ce muna zagin dam. Mutanen Kano da yawa ruwan nan suke sha. Shinkafar Kura tana ciyar da gidaje ba iyaka, wataƙila har da naku. Yaron Abuja ma yana da ƙishi kamar yaron Birniwa. Abin da muke faɗa shi ne, kogi ɗaya ne daga kansa har wutsiyarsa, wanda yake zaune a sama kuwa yana riƙe da abincin na ƙasa. Masana da suka yi bincike a farkon shekarun 1990 sun auna amfanin da ake samu daga ruwan da ya bazu a fadama, watau noma da kifi da itace, suka gwada da na ruwan da aka tsare domin manyan gonakin ban ruwa na Kano. Suka tarar cewa ruwa daidai wa daida, na fadama ya fi kawo amfani. Ruwan da ya kwanta a fadama ba asara ba ne. Shi ne kuma yake nutsewa ya cika rijiyoyin garuruwan da suke nesa da kogi.

An fara gane wannan. A shekara ta 2000 aka sa Tafkin Nguru da ruwan Marma cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya, Baturiya ta bi baya a 2008. A 2006 jihohi shida da suke shan wannan ruwa, watau Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusu domin kula da kogin gaba ɗaya. Mutanen Yobe da Barno kuma sun daɗe suna nuna damuwa a kan dam ɗin Kafin Zaki da aka yi niyyar ginawa a kan Kogin Jama'are, domin shi ne babban reshen da ya rage yana kawo musu ambaliya yadda take tun asali. Abin da mutanen fadama suke roƙo ba shi da wuyar ganewa. A sako ruwa mai yawa a lokacin da shinkafa da kifi suke bukatarsa, a rage shi da rani domin hanyoyi su sha iska, a taimaka wa garuruwa da aikin gayya na yanke kacala, a kuma yi gargaɗi da wuri kafin ruwa ya iso.

Ga masu niyyar zuwa

Wanda yake so ya ga ƙarfin Gurara, sai ya je tsakanin Yuli da Satumba. Wanda yake so ya zauna da iyali a bakin ruwa cikin kwanciyar rai, sai ya bari sai bayan Kirsimeti, daga Janairu zuwa Maris. Ku yi tafiyar rana, ku kuma tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ku tashi. Ku riƙe guzurinku da ruwan sha. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, gama silifa da dutse mai gansakuka ba sa shiri.

Iyaye, ga babbar magana. Yaran ƙasarmu sun iya iyo tun suna ƙanana, wannan kuwa shi ne hatsarin. Wanda ya saba da ruwan fadama yakan ɗauka kowane ruwa haka yake. Ruwan gindin matsirga yana juyawa, yana ja ƙasa, akwai kuma ramuka da duwatsu da ba a gani. Da damina kada kowa ya sa ƙafa, kome gwanintarsa. Da rani ma sai inda 'yan wurin suka nuna. Kada a hau dutse mai laima domin ɗaukar hoto da waya. Kowane babba ya san yaran da suke hannunsa, a ƙirga su kafin a sauka, a ƙirga su bayan an hau. Ledoji da robobin da kuka zo da su kuma ku koma da su, domin abin da aka yar a nan yana tafiya ne wurin mutanen da suke ƙasa.

In Gurara ta yi muku nisa, akwai waɗansu. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan, wadda sunanta ma ya faɗi abin da take. Akwai Assop a gindin Hawan Kibo, a kan hanyar Jos. Akwai Farin Ruwa a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa, wadda ba ta da faɗi sosai amma ana ƙiyasta tsayinta da mita 150, ya fi na matsirgar Zambezi ke nan. Wanda kuwa ba shi da halin ko ɗaya daga cikinsu, ya iya kai 'ya'yansa Tiga ko gadar Wudil, ya nuna musu inda ruwan gidansu yake fitowa. Yaran nan su ne gobe za su zama manoma da masunta da injiniyoyi da 'yan majalisa. Idan an kira taro a kan rabon ruwan Kogin Haɗeja, ya kamata a sami mutanen Birniwa da Kirikasamma da Guri a wurin, waɗanda suka san kogin tun daga Tiga har Gashuwa, suka kuma iya faɗin abin da garuruwansu suke bukata.